Fankar Jalilu

Ni ce na sa aka cire fankar, ba kowa ba. Na faɗa tun farko don kada a ɗora wa Abdul-Mumin mai gyara laifi, shi aikin da na ba shi ya yi.

Sunana Shamima. Ɗinki nake yi a Kawukudi, gidanmu kuma yana can cikin Nima, inda sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce ta lungu. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da ƙanena Jalilu. Sunanta Amama, mu dai Mma muke ce mata. Ciwon sukari ya cinye mata ido shekara huɗu ke nan, amma kunne kam, ko allura na yar sai ta ce in duba ƙarƙashin kujera.

Jalilu zanen gidaje yake yi a kwamfuta. Mutum zai kawo masa takardar fili, ya zana masa gidan har da inuwar bishiya. Da ya tafi aikin gini ƙasar Larabawa bai ɗauki kwamfutar ba, don akwati ce guda. Ya bar ta a kunne a ɗakinsa, ya haɗa ta da modem, ya ce in ya tashi daga aiki zai riƙa shiga ta intanet daga can yana ci gaba da zanensa. Tashinsa a can kuwa ya zo daidai da bayan la'asar a nan.

To, a cikin akwatin akwai abin da ake ce wa katin hoto. Shi ke ɗaukar nauyin zanen, shi ne kuma mai zafi. Yana da wata 'yar fanka guda ɗaya mai baƙin hali. Da Jalilu ya shiga sai ta fara da fuuu, ta koma wiii, sannan ta zarce kamar injin markaɗe. Duk gidan ana ji, har masu wanki a tsakar gida sai sun ɗaga murya.

Mma kuwa ba abin da take so kamar wannan ƙara. Tana idar da la'asar za ta lalubi 'yar kujerarta, ta ja ta zuwa ƙofar ɗakin ta zauna. Da fankar ta tashi sai ta ce, "Ya zo." Daga nan sai hira. Ta ba shi labarin wadda ta haihu da wanda ya rasu, ta yi masa faɗa kan rashin cin abinci.

Na ce, "Mma, don Allah ki daina, mutane na dariya. Ba ya jin ki fa."

Ta ce, "Na ce miki yana ji ne? Ni nake ji."

Haka muka yi shekara ɗaya da wani abu. Sai Jalilu ya daina ɗaukar waya. Saƙonsa na ƙarshe shi ne, "Sista, katin nan na zafi da yawa, ki nemi Abdul-Mumin ya canza masa fanka kafin ya ƙone." Daga nan tsit. Na kira, na tura murya, na tura zagi, ba amsa. Amma kullum bayan la'asar fankar na tashi, don haka ban tsorata ba, haushi kawai na ji. Wato yana da lokacin zana wa mutane bene, ba shi da minti ɗaya na gaida uwarsa! Na rantse in ya kira sai na wanke shi tas.

Akwai wata Talata da aka yi mana dumso, wuta ta tafi tun safe ba ta dawo ba sai magariba. Na wuni ina taka keken ɗinki na ƙafa, na dawo ƙafafuna kamar ba nawa ba. Mma ta ce, "Yau ma ya zo." Na ce, "Haba Mma, yau da ba wuta?" Ta ci gaba da jan carbinta. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta haɗa jiya da yau.

Ƙarar kuwa sai ƙaruwa take yi. Ɗakin ya fara warin roba mai ƙuna, in ka taɓa gefen akwatin sai ka janye hannu. Zuera, maƙwabciyarmu da ke jego, ta tare ni a bakin famfo ta ce jaririnta ba ya iya barcin yamma. Ni ma kaina ya isa. Sai na tafi shagon Abdul-Mumin a Maamobi.

Abdul-Mumin abokin Jalilu ne tun makarantar allo, mutum mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Ya jera mini abubuwa a kan tebur.

Ya ce, "Sista Shamima, hanya uku ce. Ta farko, in wanke tsohuwar fankar, in shafa sabon mai tsakanin katin da ƙarfensa. Zafi zai ragu, amma ƙara tana nan."

Na ce, "Wuce."

"Ta biyu, mai ruwa. Ruwa ke zagayawa a cikin tiyo yana kwashe zafin. Tana da kyau, amma ran da ta yoyo shi ke nan, kuma ba mai lura da ita a gidanku."

"Ruwa a cikin kayan wuta? Allah ya kiyaye. Ta ukun fa?"

Ya ɗauko wani ƙaton ƙarfe mai haƙarƙari, da manyan fanka uku a jikinsa. Ya ce babbar fanka a hankali take juyawa, iska da yawa, ƙara babu. Sai dai nauyi, dole a sa mata abin tallafi don kada ta lanƙwasa katin.

Tambaya ɗaya na yi masa: "Wacce ta fi shiru?"

Ya nuna ta ukun. Na ce ita nake so. Wallahi Mma ta faɗo mini a rai a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a raina ai sai ta riƙa sa hannu tana jin ɗumin. Kuma ban gaya mata ba. Na jira ranar da matan gidanmu suka tafi da ita bikin suna a Alajo, na kira shi ya zo.

Ya kwance katin, ya goge tsohon man da ya bushe ya zama gari, ya shafa sabo, ya ɗaura ƙaton ƙarfen. Da ya kunna sai da na leƙa ciki kafin na yarda fankokin na juyawa. Ya buɗe mini wani ɗan gurbi a gefen allon kwamfutar mai nuna lambar zafi, ya ce talatin da biyar na nufin katin na hutawa, in ana aiki zai hau zuwa sittin.

Yana haɗa kayansa sai ya tsaya yana kallon modem ɗin.

"Sista, tun yaushe wannan fitilar take ja?"

"Ina na sani? Jalilu ke sa mata data daga can."

Ya danne-danne na ɗan lokaci, ya ce, "Datar ta ƙare tuntuni. Rabon da wani ya shigo kwamfutar nan daga waje kwana ashirin da uku."

"Kai, Abdul-Mumin, bar wasa. Jiya ma ta yi ihunta bayan la'asar."

Ya sosa gemu. Ya ce wataƙila wani aiki ne Jalilu ya saita yana tashi da kansa, ko kuma fankar ce ta rikice. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ya jefa tsohuwar fankar a leda ya tafi da ita, ni kuma ban hana shi ba. Me zan yi da ita?

Mma ta dawo daf da la'asar. Ta yi salla, ta ja kujera. Gidan ya yi shiru har kana jin ɗigar famfo. Ta zauna har aka kira magariba, sannan ta ce, "Shamima, wa ya shiga ɗakin nan?" Na gaya mata, har da 'yar dariyata, na ce gyara aka yi don kada katin ya ƙone. Na kama hannunta na ɗora a kan akwatin. Sanyi ƙalau, kamar gefen randa. Ta janye hannun, ranar ba ta ci tuwo ba.

Washegari na rufe shago da wuri. Na shiga ɗakin na zauna gaban allon, Mma na bakin ƙofa. Lamba na kan talatin da biyar. Masallacin bayanmu ya sallame, aka yi kamar minti goma, sai lambar ta motsa. Arba'in. Arba'in da takwas. Hamsin da shida. Fitilar modem tana nan ja.

Sannan allon ya buɗe da kansa, layi ya fara tafiya. Gida ake zanawa, ƙarami, ba bene, ba matakala ko ɗaya. Ina kallo aka ja wani siririn ƙarfe a jikin bango, daidai inda hannu zai kai, daga ɗakin kwana zuwa bayi, daga bayi zuwa wurin salla. Ba wanda ke buƙatar irin wannan gida sai wanda ba ya gani.

Na miƙe tsaye. Na miƙa hannu na fizge wayar modem ɗin daga jikin kwamfutar gaba ɗaya. Layin bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, ya kewaya taga. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na fito na ja ƙofar, ban ce wa Mma komai ba.

Kwana uku da gyaran, da hantsi, ina yanka atamfa, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mai maganar ya ce sunansa Nurudeen, ɗan Alajo ne, tare suke aiki da Jalilu. Ya ce ya sha wahala kafin ya samo lambata, don wayar Jalilu a kulle take. Ya yi ta kewaye-kewaye har na daka masa tsawa na ce ya faɗi abin da ya kira ya faɗa.

Ya ce zafin rana ne. Da tsakar rana Jalilu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An yi masa sutura a can. Yau kwana ashirin da shida.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na bar shagon ba. Ba gida na nufa ba, Maamobi na yi, ɗankwalina a hannu. Na faɗa shagon Abdul-Mumin na ce ya ba ni tsohuwar fankar, yanzu-yanzu, ya zo ya mayar da ita.

Ya ce, "Sista, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo shekaranjiya, na haɗa musu da sauran tarkace."

Na zage shi, Allah ya yafe mini, na zage shi a gaban mutane. Da na gaya masa dalili ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce zai nemo irinta. Ya san, ni ma na sani, ba irinta nake nema ba.

Na isa gida ana la'asar. Mma na kan kujerarta a bakin ƙofar, ta rame a kwana ukun nan har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "An kira ki ko?"

"Mma…"

"Ba sai kin faɗa ba. Na sani tun Talatar da ba wuta. Duk gidan nan tsit, firjin Zuera ma ya mutu, sai ga shi ya zo. Mai rai ba ya zuwa ba wuta, Shamima. A ranar na yi masa addu'a, na yi kukana na gama kafin ki dawo."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin kira malamai, da an kashe abin an fitar da shi. Ni kuwa yana zuwa yana zama da ni. Iyakar abin da ya rage mini ke nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tashi na tura ƙofar ɗakin, na tsaya gaban allon. Lambar ta fara hawa. Manyan fankokin nan uku suna juyawa a hankali, ko numfashi ba sa yi. A kan allon ana sa wa gidan ƙofa.

Na ce, "Mma, yana nan! Wallahi yana nan, ga lamba tana hawa, hamsin da tara, sittin. Gida yake zana miki, har da ƙarfen da za ki riƙa dafawa. Ga shi ina gani!"

Ta juyo da kunnenta wajen ƙofar, ta daɗe tana saurare. Ni ma na kasa kunne. Ba abin da ke tashi sai ɗigar famfo a tsakar gida.

Ta ce, "Ke kike gani, Shamima. Ni ji nake yi."

Ta lalubi kujerarta, ta ɗauka, ta bi bango ta koma ɗakinta.