Tagar Malam Kalilu

"Sauke wancan ma," in ji Malam Abdulmajid, yana nuna bangon da ke fuskantar gado.

Mijina Zulkiflu ya miƙa hannu yana kawar da kai, ya ciro firam ɗin ya jingine shi a ƙasa, fuskarsa a bango. Shi ne na ƙarshe. Sauran duk suna jere sun ba mu baya, kamar yaran da aka yi wa horo a aji. Ni ina bakin ƙofa rungume da fulas ɗin kunu, na ga idon Malam Kalilu ya bi firam ɗin har ƙasa, sannan ya koma kan ƙusar da aka bari tsirara ya tsaya cak.

Malam Kalilu maƙwabcinmu ne a unguwar Sri Petaling, a nan ƙasar waje da muke zaune, ƙofa na kallon ƙofa. Malamin zane ne daga Zariya, gwamnati ta turo shi digiri na uku da furfurarsa, har yara ɗalibai suna ce masa kakan aji. Ciwon hanta ya kwantar da shi, asibiti suka yi iya yinsu suka ce a mai da shi gida. Ranar da nake ba ku labari magana ta riga ta ɗauke masa, ido kawai ya rage.

Shi kuwa Malam Abdulmajid shi ke jan mu karatu ranar Asabar. Kar in zalunce shi, mutumin kirki ne, shi ya yi ta jigilar asibiti da motarsa ba gajiya. Amma in ya kafe a kan abu, sai dai Allah.

"Za mu karanta masa Yasin," ya ce. "Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Kowa ya san wannan."

Abin da kowa ya sani ke nan, da kuma sunan mai zanen. Wani Bature ne da ya mutu tun ba a haife ni ba, duniya ta san shi da manya-manyan zanuka masu launi, mata suna rawa ba isassun kaya. Wani ɗan ƙwaƙwa ya taɓa duba sunan a waya, shi ke nan zance ya zaga gari cewa Malam Kalilu hotunan mata yake tarawa a ɗakin kwanansa. Ba wanda ya taɓa shiga ya gani, kuma yau da suka shigo kowa ƙasa yake kallo don kar ya ɗauki zunubi.

Ni na gani. Danshin garin nan ba ya barin takarda ta zauna lafiya, don haka nakan taya matar Malam Kalilu, Anti Hureira, sauke su mu goge funfuna. Malam ba shi da ko ɗaya daga cikin zanukan da aka san Baturen da su. Nasa ƙanana ne, baƙi da fari, waɗanda Baturen ya yi bayan tsufa da ciwo sun kwantar da shi. Karce su yake yi a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada a danna takarda, a buga 'yan kaɗan a daina. Wani tsohon Ba'indiye mai haɗa firam a unguwar Brickfields shi ke nemo wa Malam su ɗaya bayan ɗaya. Buta ce, kujera ce, ganye ne. Akwai biyu masu tsuntsu, ban musa ba.

Wanda aka sauke na ƙarshe taga ce kawai a buɗe, da labule da iska ta ɗaga, da reshen bishiya. Tagar ɗakin Malam ta gaske bangon wani bene take kallo, har kana iya ƙirga kayan shanyar mutane. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, da kansa ya sa aka mai da zanen gaban gado.

"Maman Hadiyya," ya ce da ni a lokacin, "Baturen nan ya gama burge duniya da launi. Da ya kwanta, sai ya zana abin da idonsa ke iya kai wa. Ni tawa tagar ba ta da kirki, so na ari tasa."

Yanzu ga shi an fara karatu, Malam Kalilu kuma bai daina kallon ƙusa ba. Yatsunsa suna ta motsi a kan zanin gado. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye fulas na ja Anti Hureira zuwa kicin.

"Anti, tagarsa yake nema."

"Na sani, Murja." Ta share ido da bakin hijabi. "Kin ɗauka ban gani ba? Amma kin san mutanenmu. Kafin gawa ta yi sanyi labari ya isa Zariya, a ce ya cika yana kallon hoto. Yaranmu da wane ido za su kalli dangi?"

"To ya cika yana kallon ƙusa ya fi?"

Ban so ta fito haka ba, amma bakina ba ya jiran shawara. Ruwan la'asar ya ɓarke a waje, irin na garin nan da ba ya sallama. Ta wuce ni ta koma ɗakin, na bi ta.

Ta ratsa maza ta sunkuya ta ɗauki firam ɗin. Karatu ya tsaya.

"Hajiya, please," Malam Abdulmajid ya ce a hankali. "Wannan ba lokacin shi ba ne. Mu taimake shi ya tafi clean."

"Malam, ka taɓa ganin sa?"

"Ba sai na gani ba."

"Ka duba, lah," na ce daga baya, har da "lah" ɗin da mutanen garin nan ke ƙarawa a ƙarshen magana. "Ido ɗaya ma ya isa."

Zulkiflu ya galla mini harara, na yi kamar ban gani ba. Anti Hureira ta juya firam ɗin ta ɗora wa Malam Abdulmajid a cinya, ba yadda zai yi. Ya duba. Ya ciro tabarau ya sake dubawa, har kusurwoyi, kamar mai neman abin da aka ɓoye masa.

"Ina macen?" ya tambaya.

"Babu mace. Taga ce."

Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban sa ran zai ce ba. Ya dai miƙa wa Zulkiflu ya ce a mai da shi. Aka rataye a ƙusa. Sai dai fitilar ɗakin tana haska gilashin, kuma idon Malam Kalilu ya riga ya yi rauni. Ya yi ta ƙanƙance ido yana ƙoƙarin ɗaga kai, wuyan ya ƙi.

"Ba ya gani," in ji Anti Hureira. "Ya yi masa nisa."

Malam Abdulmajid ya rufe Alƙur'aninsa ya ba na kusa da shi. Ya tashi ya sake ciro firam ɗin da kansa, ya zo gefen gado ya durƙusa, ya riƙe shi da hannu biyu daidai fuskar mara lafiyan. Ya ɗan karkata shi har hasken ya bar gilashin.

"Haka boleh, Malam?" ya tambaya da kalmar mutanen garin, wato ko haka ya yi.

Yatsun Malam Kalilu suka daina motsi. Idonsa ya sauka a kan takardar ya zauna, fuskarsa ta saki. Wallahi sai da na ji hawaye ya zubo mini.

Malam Abdulmajid ya ci gaba da Yasin da ka daga inda aka tsaya, sauran suka bi shi. Anti Hureira ta sa baki kusa da kunnen mijinta tana maimaita masa kalmar shahada, na ga leɓensa yana bin ta. Malam Kalilu bai kai ƙarshen surar ba. Numfashin ya fita a hankali, bai dawo ba. Ta jira kaɗan, sannan ta sa tafin hannu ta shafe masa ido.

Duk mun gani, ban da Malam Abdulmajid, don firam ɗin ya tare masa fuskar mamacin. Zulkiflu ya yunƙura zai taɓa kafaɗarsa, Anti Hureira ta girgiza masa kai. Muka bar shi a durƙushe yana karanta ayoyin ƙarshe, duk da gajiya yana ta gyara riƙon kar hasken fitila ya hau gilashin.