Tsutsar da Ke Gudun Rana

Umma na wucewa da bokitin wanki ta lura gwiwoyin Auta duk ƙasa ce. Yarinyar da ta gama jami'a, ta karanci ƙwarin amfanin gona, ga ta durƙushe a lambun bayan gida tana leƙen gindin kabeji kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi.

Da lambun nan Umma take tinƙaho. Amma kwanan nan kullum gari ya waye sai ta tarar an datse mata dashe daga gindi, yana kwance a ƙasa. Ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, ko kiyashi ba ta gani ba. Sai ta ɗora laifin a kan kajin maƙwabciyarta, Maman 'Yan Biyu, masu tsallako katanga. Magana ta yi zafi, har ƙawancen da ya girmi Auta ya koma ko gaisuwa babu. Yau kuwa Umma ta rantse sai ta kai ƙara wurin mai gidan da suke haya, a raba matar da kajinta.

Ta gama shanya, ta yafa mayafi.

"Umma, ki ɗan dakata," in ji Auta, murya can ƙasa.

"In dakata su cinye saura? Ke da digirinki, kaza ma kunyarta kike ji."

"Zo ki ga wani abu."

Tun jiya da yamma Auta ta jiƙa tsofaffin buhuna ta shimfiɗa tsakanin kunyoyi, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Yanzu ta kama bakin ɗaya ta ɗaga a hankali. Umma ta ja da baya tana salati. Tsutsotsi ne ƙosassu, kalar ƙasa, kowace ta naɗe kamar zobe. Da rana ta haske su sai suka fara warwarewa, wasu na cusa kai cikin ƙasa, wasu na rarrafawa wajen inuwar buhun.

Auta ta kare wata da tafin hannu, tsutsar ta lafa. Ta janye hannun, sai ga ta tana neman wurin ɓuya.

"Ba sa son haske, Umma. Da rana suna kwance a gindin shuka, ƙasa ta rufe su, sai duhu ya yi su fito su yanke kara. Shi ya sa ba kya ganinsu. 'Ya'yan faɗa-wuta ne, irin mai zagaya fitila. Uwar na bin haske, 'ya'yan na gudunsa. Kaza kuwa ganye take tsaga, ba ta datse gindi haka."

Abba, mahaifin Auta, da ke gyaran rediyo a bakin taga, ya leƙo.

"Ashe ɓarayin naki a gidanki suke haya, uwargida!"

Umma ba ta kula shi ba. Auta take kallo. Yarinyar da baƙi ke tambaya ko kurma ce, yau ga ta tana zuba bayani ba gargada. Umma ta ji kanta ya yi girma.

"Malam, ka ji ta dai? Ni na haife ta."

"Ni kuma tsintar ta na yi a hanya."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta ɗaga sauran buhunan, ta tsince tsutsotsin cikin wani gwangwani har ya kusa rabi.

"A ƙona su?" Abba ya tambaya.

"Kaji na son su sosai," in ji Auta, ba ta ɗago ba.

Umma ta daɗe tana duban katangar. Daga can ana jin Maman 'Yan Biyu tana shara. Ta karɓi gwangwanin daga hannun 'yarta, ta gyara mayafi, ta fita zuwa ƙofar maƙwabta.