Gidan Tsani

Su biyar ne a gidan: Baba mai gyaran wuta, Mama mai ɗinki, samari biyu da suka gama sakandare, sai Auta 'yar shekara goma sha ɗaya. Ɗaki biyu da falo suke zaune a ciki, a saman wani shagon tayoyi. Ci da sha bai gagare su ba, sutura ma haka. Abin da ba su da shi shi ne labarin sunansu. Tsani ake ce da gidan, kuma duk faɗin garin babu wani gida mai wannan suna. Mahaifin Baba ya rasu Baba yana ɗan shekara biyar. Bai bar hoto ba, bai bar takarda ba, sai sunan kawai.

Ranar Litinin Malama ta raba fom na jarrabawar fita firamare. Ta ce sunan da aka rubuta a ciki shi zai fito a takardar shaida, kuma da shi mutum zai tsufa. Ranar Juma'a take son a dawo da su da sa hannun iyaye.

Da yamma Auta ta kai wa Baba nata. Ya duba gurbin sunan gida, ya ce, "Sa sunana a nan, kamar yadda yayyenki suka yi."

"Baba, ni Tsani nake so."

Babban yayanta ya ɗago daga kan kujera. "To madalla. Zo in taka ki in ɗauko hulata a saman kabad."

"Kin ji ko?" in ji Baba. "Irin abin da na sha tun ina yaro ke nan. Suna ba a san kansa ba, ba a san gindinsa ba. Me za ki yi da shi?"

Auta ta sunkuyar da kai, amma ba ta ɗauki biro ba. "In na bar shi, ai ya ƙare ke nan. Ni kaɗai na rage."

Baba ya sake duban gurbin sunan. Can ya ninke fom ɗin ya sa a aljihun rigar aikinsa. "Na ba ki zuwa Alhamis. In kin kawo mini inda ya samo asali, ba tatsuniya ba, zan sa hannu. In ba ki kawo ba, ki yi yadda na ce."

Washegari a lokacin hutun tara ta roƙi Malama ta bar ta ta duba tsofaffin rajistocin makaranta. Suka zauna a ofis, Malama tana sauko da su ɗaya bayan ɗaya, Auta tana bin layi da yatsa. Rajistar shekara talatin suka bincika. Sau uku kacal sunan ya fito: yayyenta biyu, kafin su canza, sai ita.

"Takarda ta gaya miki ƙarancinsa, amma ba za ta gaya miki dalilinsa ba," in ji Malama. "Wane ne mafi tsufa a danginku?"

Mafi tsufa ita ce Gwaggo, yayar mahaifin Baba, wadda ke zaune a gidan 'yarta a can ƙarshen gari. Ranar Laraba Mama ta rufe keken ɗinki da wuri, suka hau mota biyu kafin su isa. Sun tarar da Gwaggo a baranda tana miƙe da ƙafafu.

"Ƙawata, yau kin tuna da ni? Ko kin zo ganin ko na mutu ne ki kwashe zannuwana?"

"Zannuwanki ai sun yi mini tsufa, Gwaggo. Tambaya na zo yi."

Da ta ji tambayar, Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Ubanki shekara arba'in bai taɓa tambayata ba. Kunya yake ji."

Ta ce mahaifinta kafinta ne, amma ba ya yin ƙofa, ba ya yin gado, ba ya yin kujera. Tsani kaɗai yake yi. Ba ya sa ƙusa ko ɗaya, don ya ce ƙusa tana tsatsa a ɓoye ba ta gaya wa kowa. Huda katakon yake yi, ya zura mataki, ya danne shi da ɗan fiƙaƙƙen guntun katako. Kuma ba ya miƙa wa mai saye sai ya saɓa buhun yashi a kafaɗa ya taka kowane mataki a gabansa.

"Wannan ma ba shi ne abin ba," in ji Gwaggo. "Duk shekara sai ya zagaya gari ya duba kowane tsani da ya sayar, ba wanda ya aike shi. Da an hango shi sai a ce, ga Tsani nan ya zo duba 'ya'yansa. Da aka kai ni makaranta aka tambayi sunan gida, shi da bakinsa ya faɗe shi."

Auta ta rubuta komai a bayan littafin lissafinta. Sannan ta ce, "Baba zai ce labari ne kawai. Akwai abin da zan nuna masa?"

Gwaggo ta yi tunani. "Je ki layin masu fenti a kasuwa, shago na ƙarshe. In tsohon mai shagon bai ƙona shi ba, akwai guda a wurinsa."

Ranar Alhamis Baba ya dawo a gajiye, ya tarar da Auta a bakin matakala ta riga ta sa takalmi. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta ce za ta riƙe masa jakar kayan aiki. Ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar matsawa, sai ya juya suka tafi.

Shagon dogo ne, kantoci sun kai har rufi, cike da gwangwanayen fenti. A jikin kantar baya aka jingina wani tsani na katako, ya yi baƙi don tsufa, tsakiyar matakansa ya lotsa saboda taku. Mai fenti tsoho ne mai tabarau. Da Auta ta faɗi sunan gidansu, sai ya cire tabaran ya ƙura wa Baba ido.

"Kai ne ɗan yaron nan? Shekarar ƙarshe da kakanka ya zo, ƙafa ta ƙi, ubanka ne ya hau masa. Kai kuma aka zaunar da kai a matakin ƙasa kana ta kuka. Tun daga nan ba wanda ya ƙara zuwa."

Baba ya matsa kusa da tsanin. Mutum ne da ke wuni a kan tsani, don haka ya shafa katakon daga sama har ƙasa yana neman kan ƙusa. Bai samu ba. Ya fara hawa a hankali, yana danna kowane mataki. A na shida ya tsaya.

"Wannan yana motsi."

"Shekara uku ke nan ina tsallake shi," in ji mai fenti.

Baba ya sauko, ya buɗe jaka, ya ciro guduma da ƙusa. Auta ta riƙe hannun rigarsa.

"Baba, ba ya sa ƙusa."

Ta buɗe littafinta ta karanta masa yadda Gwaggo ta ce. Baba ya mayar da ƙusar cikin jaka. Mai fenti ya samo guntun katako daga wani tsohon akwati, Baba ya fere shi da wuƙar yankan waya. Na farko ya yi kauri, na biyu ya tsage. Na uku ne ya shiga daidai, ya buga shi a hankali har matakin ya daina motsi. Babu buhun yashi a shagon, sai ya saɓa babban bokitin fenti a kafaɗa ya hau har ƙarshe, ya sauko yana haki.

"Baɗi zan zo in duba sauran matakan," ya ce wa mai fenti.

Sannan ya ciro fom ɗin daga aljihu, ya shimfiɗa shi a kan kanta, ya miƙa wa Auta biro. Ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, shi kuma ya sa hannu a ƙasa.

A hanyar gida Auta ce ke riƙe da jakar, tana canza hannu saboda nauyi. Ta gane cewa mutanen da suka sa wa kakan Baba wannan suna ba dariya suke masa ba. Sun yi shekaru suna hawa abin da ya yi da hannunsa, kuma sun amince ba zai kayar da su ba.