Zaman Bakin Rami

Siririn yashi ne, kamar zare, yake zubowa daga bangon ramin farar ƙasa. Junaidu ya gan shi, ya tsuguna.

A wannan rami na bayan Maiyama, da can duk wanda ya fito hutawa ba ya tafiya inuwa. Bakin rami yake zama, idonsa a kan bango, domin ya yi ihu idan ƙasa ta fara motsi. Ba wanda ya sa su. Haka suka tarar, haka suka riƙe juna.

Sai ɗan kwangila ya turo helma Maiwada, shugaban leburori, daga Sakkwato. Helma ya ce wannan zaman banza ne, mai hutawa ya ɗauki kwando. Ranar da Junaidu ya ƙi tashi, ya kore shi. A makon ne bango ya danne Tamu, ƙanen Junaidu, babu kowa a sama. Yanzu Tamu da gindi yake ja a ƙofar gidansu.

Daga nan mutane suka fara zarewa. Wasu suka koma noman albasa a Aliero, wasu dako a kasuwar Jega. Sababbi su zo, su leƙa, su ɗaga kai su ga babu mai dubansu, washegari ba a sake ganinsu. Maiwada ya ce mutanen ƙasar nan ragwaye ne.

Yau mota tana jira, lebura ɗaya ya rage, dattijo Mudi. Dole helma ya tuɓe riga ya sauka da kansa.

"Mudi!" in ji Junaidu daga sama. "Hito, Inno na kira. Ta ce yanzu-yanzu."

"Tsohuwar nan ba ta bari in ci abinci," Mudi ya yi gunagunin matarsa, ya kama tsani. Da ya iso sama ya bi idon Junaidu, ya ga zaren. Ya buɗe baki. Junaidu ya riƙe masa hannu, ya matse.

Maiwada ya ɗago, zufa ta yi masa layi a farar fuska.

"Kai kuma mi kaka yi nan?"

"Zaman banza nika yi, helma."

"To ka yi shi da bakinka rufe."

"To, ranka shi daɗe."

Maiwada ya sake ɗaga diga. Zaren ya zama biyu. Junaidu ya gyara zama.