Kafar da Mai Nasara Ya Bari

Wasila ta rungume gwafar bakin aji da hannu biyu, ta ƙi saki. Madam Bilkisu ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Sauran yara suna ciki a kan tabarmi suna leƙe. Kakanta, Malam Habibu, yana tsaye da tsumagiya a hannu. Bai ɗaga ba, bai kuma yar ba.

"Baba, kar ka doke ta," in ji Madam. "Sabon shiga ne. Duk haka suke yi."

"Duk sun yi sun gama. Ita kaɗai ta rage."

Gaskiya ya faɗa. Uwar yarinyar ta rasu da damina, uban yana Libiya neman abinci. Tun ranar da aka fita da uwar, in Wasila ta waiga ba ta ga wani na gida ba, sai jikinta ya hau rawa. Madam kuwa ta riga ta faɗa masa, in abin ya ci gaba a haka sai dai a bar ta a gida, a cire sunanta.

Ajin ba gini ba ne. Rumfa ce ta kara da zana, wadda ake kafa wa ƴan aji ɗaya kowace shekara bayan girbi, a wannan ƙauye na ƙasar Guna. Mai saƙa zanar shi ne Mai Nasara, maƙwabcin Habibu, danga ɗaya ta raba su tun suna samari. Da safen nan yana gefe yana ɗaure abin da iska ta kwance. Ya ajiye igiya ya taso.

"Malam Habibu, yar da abin nan. Amarya, zo in nuna miki wani abu."

Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ya ja ta bayan rumfar, ya tsuguna, ya zaro wuƙarsa. Ya yanke ƴan karare daidai tsayin yaro in yana zaune, ya bar kafa kamar faɗin tafin hannu.

"Ki shiga ki zauna daidai nan. Ni ina nan waje. Duk sa'ad da kika duba za ki ga hulata. In ba ki gan ni ba, ki kai ni ƙara gidan mai gari."

"Baba, ka huda mini aji," in ji Madam.

"Ni na saƙa, ni na huda."

Wasila ta shiga.

Daga ranar, da an buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a bishiyar dogon yaro, Mai Nasara zai shimfiɗa buzunsa a gindin zanar, ya hau tufkar igiya. A ciki Madam tana koya musu jera takalma a bakin ƙofa, da ɗaga yatsa kafin magana, da tashi da zama da Faransanci. In ta ce "debu" suka miƙe, shi ma sai ya yunƙura yana nishi, yara su fashe da dariya. In ta buga sanda a tebur kowa ya ɗaga allonsa sama ta gani. Wasila ita kaɗai ke juya nata wajen kafar tukuna. Mai Nasara ba ya karatun boko ko baƙi ɗaya, amma zai ƙura ido, ya gyaɗa kai.

"Ya yi, Amarya."

Sannan ta nuna wa Madam.

Habibu bai so abin ba. Shi bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba, bai kuma ga dalilin da dattijo zai yini a gindin yara ba.

"Da furfurarka ka zama ɗan lakwal," ya ce masa ta kan danga.

"Na fi ka. Na san debu, na san asi. Kai me ka sani?"

"Na san girmana."

"To riƙe shi da kyau, kar ya faɗi."

Da sanyi ya shigo tari ya kama Mai Nasara. Ya ci gaba da zuwa, yana danne tarin da gefen riga don kar ya dami aji. Sai ƙafafunsa suka kumbura. Aka kai shi likita a Damagaram a bayan amalanke har bakin hanya, aka dawo da shi da ƙwayoyi, ya kwanta. Wasila ta ci gaba da shiga aji, don an ce mata zai warke ya dawo. Amma ta daina ɗaga allo.

Wata rana da hantsi Habibu ya shiga duba shi. Ɗakin na warin hayaƙi da man zafi. Kaltuma, matar Mai Nasara, ta ajiye kunu, ya huce ba a taɓa ba. Daga nan ana jin muryoyin yara suna maimaita a, i, o.

Mai Nasara ya saurara, idonsa a rufe.

"Wa ke wurin?"

"Ina?"

"Gindin zana."

"Babu kowa."

"Je ka zauna."

"Ni? Na rasa aikin yi?"

"Ba wani aiki ba ne. Ta nuna maka, ka ce ya yi. Ko akuya ta iya."

Habibu ya sunkuya. Ya gyara masa mayafi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Bai kai ga yin alwalar azahar ba ya ji kukan Kaltuma ta kan danga.

Habibu ne ya shiga wankan gawar Mai Nasara. Shi ya sauka cikin kabari ya karɓe shi. Bai yi hawaye ba, mutane ma ba su sa ran zai yi ba. Da aka dawo ya ga igiyar da Mai Nasara bai gama tufkawa ba a rataye a danga, ya kawar da kai.

Bayan an tashi zaman makoki ya kai Wasila lakwal da kansa. Ta cire takalmanta ta jera, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kama gwafar nan, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Madam ta matso ta rage murya. "Baba, na toshe wurin da tsumma. Kullum can take kallo, ba ta jin abin da nake faɗa. Na ce ko in ba ta gani za ta manta." Ta waiga wajen Wasila. "In ba ta iya ba, a bar ta sai baɗi."

Habibu ya dubi yarinyar. Ya dubi hanyar gida. Wasu mata masu ɗiban ruwa sun tsaya da tuluna suna kallonsa.

Ya zagaya bayan rumfar. Inda buzun ke zama ƙasar ta lotsa, ta yi santsi. Ya fizge tsumman ya yar. Ya tattara rigarsa, ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ke," ya ce ta cikin kafar. "Shiga."

Aka buga ƙarfe. Ya ji motsin yara suna zama, ya ji Madam tana kiran sunaye. Da aka zo kan Wasila an daɗe kafin wata ƴar murya ta amsa. Rana ta fara dukan wuyansa, bai matsa ba.

Can sanda ta bugi tebur. Kafar ta yi duhu, allo ya rufe ta. A jikinsa akwai wani zagaye na alli, a karkace, bakinsa bai haɗu ba. Habibu ya daɗe yana kallo. Ya yi gyaran murya.

"Ya yi."

Allon ya janye. Wani ɗan yatsa fari fat da alli ya fito ta kafar, ya taɓa hannun rigarsa, ya koma.