Taragon Mai Aski

Ranar da aka rufe layin dogo, jirgin ƙarshe ya tafi ya bar tarago guda a bakin tasha. Hukuma ta ce za a zo a ɗauka nan ba da jimawa ba. Mai Aski, wanda a lokacin a gindin bishiya yake sana'arsa, ya jira har ciyawa ta kai taga, sannan ya kwashi madubinsa da kujerarsa ya tare a ciki.

Shago kam ya yi shago. Kujerun fasinja suka zama wurin jiran layi, ragar ajiye kaya ta ɗauki tawul da hoda, ya jawo wayar lantarki daga shagon tela. A taragon nan ya samu abin yin aure, a cikinsa ya yi furfura.

Sai dai bawan Allah yana da hali biyu. Ba ya iya ganin ƙarfe yana tsatsa. Duk ranar da ya ɗiga wa injin askinsa mai, sai ya sauko da gwangwanin baƙin mai ya bi ƙafafun taragon ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta sha tambayarsa ko shagon ne zai je unguwa. Sannan kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu neman a dawo da jirgi. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha tarihi: yadda jirgin kullum ya koma na mako-mako, aka cire taragon abinci, aka sallami mai sayar da tikiti, aka wayi gari har agogon tasha an kwance. Da yake ba wanda ke musu da mai riƙe da kansa, ya ɗauka duk garin bakinsu ɗaya da shi.

Kwatsam sai hukuma ta ji kukansu, ta turo wani injiniya da tsohon kan jirgi a gwada layin. Injiniyan ya leƙa ƙarƙashin shagon, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Ya ce duk taragun da suka rage a ma'ajiya tsatsa ta cinye su, wannan kaɗai ne ƙafafunsa ke juyawa. Mai Aski ya washe baki, har gwangwanin man ya ɗauko ya nuna masa. Bai fahimci abin da ya jawo wa kansa ba.

Washegari da safe yana yi wa surukinsa aski, tsohon da tun ranar aure bai taɓa yabonsa ba. Ya gama rabin kai ke nan sai wani abu ya daki shagon, hoda ta zubo, injin aski ya mutu a hannunsa saboda waya ta tsinke.

"Kai yaro," in ji tsohon, "jiri nake ji, ko shagon tela ne yake tafiya?"

Mai Aski ya leƙa taga. Ga 'yan ƙungiyarsa a bakin tasha suna tafi, ga matarsa da kwanon abincinsa tana gudu tana kiransa. Da farko daɗi ya kama shi har da ƙwalla, don ya daɗe yana mafarkin wannan ƙara ta ƙarfe a kan ƙarfe. Sai injiniyan ya shigo ya gode masa, ya ce za a kai taragon babban birni a fente shi, kayansa kuwa a sauke masa a tasha ta gaba. Nan take daɗin ya gushe. Ba shi da wani shago a duniya.

Ba su yi nisa ba kan jirgin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya tsaya cak a tsakiyar gonaki. Aka buga, aka kwance, aka ɗaura, shiru. Injiniyan ya tari mai babur, ya ce za a zo a ɗauka nan ba da jimawa ba. Mai Aski ya san tsawon wannan magana.

Surukin ya rantse ba zai shiga gari a ƙafa da rabin kai ba. Dole Mai Aski ya zare ƙugiyar taragon ya sa kafaɗa, 'yan ƙungiya suka iso suka kama masa. Taragon kuwa ya bi su sumul, ko ƙara babu. Haka tsohon ya zama fasinjan farko da ya iso garin ta layin dogo tun rufewa, yana ɗaga wa jama'a hannu ta ɓangaren da ba a aske ba.

Da yamma matar ta dire masa bokitin ruwan gishiri a gaban taragon.

"Maigida, zuba wa ƙafafun nan, su yi tsatsa mu huta."

Ya ɗauki bokitin, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ƙarfen da ya raina da hannunsa. Tsoron rasa shagon yana nan, amma tausayin ƙarfen ya fi ƙarfinsa. Ya juye ruwan a ciyawa.

"To idan suka dawo fa," ya ce a hankali, "suka tarar ba ya tafiya?"

Matar ta ɗauki bokitinta ta koma gida. Da gari ya waye ya buɗe shago, sai ya ga jaka a ragar ajiye kaya, kusa da hoda. Matar ta saka masa bargo, da kaya kala biyu, da hular surukinsa, ko da za a sake jan shagon ana tsakiyar aski.