Jan Biro a Layin Laraba

Baba ya riga ya yanke hukunci: idan wata ya ƙare asmar Auta ba ta lafa ba, kyanwarta za ta bar gidan. Shi a wurinsa bincike ya ƙare, tunda ga mai laifi nan kwance a kujerarsa tana lasar ƙafa.

Auta 'yar shekara goma sha uku ce, tana cikin yaran da asibitin unguwa ke bibiya don a gano abin da ke tayar musu da ciwon. An ba ta ɗan bututun da take hurawa safe da yamma, da littafin rubuta lambar da ya nuna. Duk Laraba wata nas takan hawo benensu ta duba.

To ita Auta akwai bin diddigi. Ta samo jan biro tana zagaye duk ranar da ƙirjinta ya toshe. Ta zargi hayaƙin motocin titi, amma motoci ba su da ranar hutu. Ta zargi mai waldan ƙasan bene, shi ma kullum yana nan. Kyanwa kuwa a jikinta take wuni, har ranakun da numfashi ke lafiya lau.

Laraba ta uku ta miƙa wa nas littafin.

"Anti, duba ki gani. Jan duk a layi ɗaya yake, layin Laraba."

Nas ta bi da yatsa, ta yi dariya. "Ikon Allah. Ni ce ke nan nake kawo miki ciwon? Me kike yi ranar Laraba da ba kya yi sauran ranaku?"

"Ba komai. Sai taya Mama aiki kafin ki zo."

Mama ta fito daga kicin ɗauke da tiren ruwa. "Wane aiki? 'Yar shara ce kawai. A kakkaɓe kafet, a wanke ƙasa da bilic, a fesa turaren ɗaki. Haka kawai ma'aikaciyar lafiya ta shigo ta rubuta cewa ƙazantata ce ta sa wa 'yata ciwo?"

"Tagogi fa, Mama?" in ji nas.

"A rufe mana, kada ƙamshin ya fita kafin ki..."

Sai ta zauna a hannun kujera, tiren na kan cinyarta.

Auta ta san yanzu Baba ba shi da ta cewa a kan kyanwa, kuma ta zaci za ta yi murna. Amma da ta kalli hannayen Mama, duk sun yi fari saboda bilic, sai tausayi ya kama ta, har ta ji kunyar wayon nata.

"Ba mu tabbatar ba tukuna," nas ta ce a hankali. "Gwadawa za mu yi. Laraba mai zuwa ki bar gidan yadda yake."

Mama ta kalli ƙasan da ke ta ƙyalli.

"Har ƙarƙashin kujeru?"

"Har can, Mama."

"To," ta ce. "Amma don Allah in kin zo, Auta za ki kalla, ba gidan ba."